Sharhi: Wa Ya Ce a Gina Wannan Abin a Shataletale?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya saba bin hanya a garuruwanmu ya san abin da zan faɗa. Ka shiga hedikwatar ƙaramar hukuma, tun kafin ka kai sakatariya sai ka ci karo da shataletale, a tsakiyarsa an kafa wani abu na siminti. Wani wurin tulu ne, wani wurin damin gero, wani wurin kuwa ko shi wanda ya gina abin sai ya yi tunani kafin ya gaya maka sunansa. Fenti ya koɗe. Ƙarfen da aka kewaye shi da shi, 'yan jari-bola sun yi gaba da rabi. Sauran kuma fastocin 'yan takara sun lulluɓe shi, ɗaya kan ɗaya, har da na waɗanda suka sha ƙasa tun zaɓe biyu da suka wuce. Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri na tambayi mai shayin da ke gefe, na ce, malam, wa ya ce a gina wannan? Ya ɗaga butarsa yana zuba ruwa a kofi, ko kallon abin bai yi ba, ya ce, "Wallahi mu dai mun wayi gari muka ga ana aiki."

Amsar mai shayin nan ita ta kawo mu sharhin yau.

Mutane da yawa ba su san cewa ƙawata gari aikin ƙaramar hukuma ba ne tun a rubuce. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukanta, a ciki akwai kasuwanni da tashoshin mota, da tituna da fitilunsu, da lambuna da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, da raɗa wa tituna suna, har da sa ido kan allunan talla. Wato duk inda ido yake sauka idan mutum ya fito daga gida, kusan a hannun ciyaman da kansiloli yake. A da idan ka yi musu magana sai su ce ai kuɗin yana asusun haɗaka, sai abin da gwamna ya sammana. To ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, wannan gaskiya ne. Amma duk ranar da kuɗin ya zauna a hannunsu sosai, ku rubuta ku ajiye, abu na farko da wasu za su fara shi ne sabon shataletale da sabuwar ƙofar shiga gari, saboda su ne ake gani daga mota, su ne kuma ke yin kyau a hoto. Shi ya sa gara mu yi maganar tun yanzu.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani, ko da yake na gwamnatin jiha ne. A 2017, lokacin da jihar Kano ta cika shekara 50 da kafuwa, an yi wani dogon gini na ado a shataletalen gidan gwamnati, wanda wata matashiya masaniyar zanen gine-gine ta tsara. A watan Yunin 2023, makonni kaɗan da hawan sabuwar gwamnati, aka wayi gari an rushe shi. Gwamnati ta kawo dalilanta, ta ce yana tare wa direbobi gani, yana kuma da matsala ta fuskar tsaro, wani babban jami'i ma ya ce idan aka kalle shi daga sama siffar gicciye yake bayarwa. Gari ya rabu biyu, wasu na Allah wadai, wasu na san barka. Ba shari'ar wa ke da gaskiya na zo yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekara shida kacal abin ya yi a tsaye. Da za a gina shi, ban ji an tara mutanen gari an nuna musu zane ba. Da za a rushe shi ma haka. Duk tambayoyin da aka tayar a 2023, na gani da na tsaro da na siffa, tambayoyi ne da zama guda a gaban takarda zai iya warwarewa tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

Abin takaici, mu ba baƙin wannan sana'a ba ne. Ƙasar Hausa ta san adon bango tun kafin a haifi siminti. Je ka cikin birnin Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, ko tsohon garin Agadas da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, ka ga yadda fuskar gida take magana. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau ɗaliban zanen gine-gine suna zuwa su tsaya ƙarƙashin bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, suna ɗaga kai.

Ina yaro na taɓa zama na kalli wani magini yana yi wa zaure ado. Ba takarda, ba ma'auni. Ya yaɓa ƙasa a bango, tun tana ɗanya ya sa yatsu biyu yana ja, yana lanƙwasawa, yana komowa inda ya faro, sai ga dagi ya fito kamar dama can yana cikin bangon. Yaransa na ƙasa suna cuɗa ƙasa da ƙafa, wani na miƙo masa curi. A gefe ga tukunyar makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, warinta ya cika layin, ita ce za a shafe bangon da ita ya yi ja-ja ya kuma jure ruwa. Mai gidan yana zaune kan tabarma yana cewa a ƙara nan, a rage can. Maƙwabta na wucewa kowa na tofa albarkacin bakinsa. Wata tsohuwa ma ta tsaya ta ce zankon hagu ya fi na dama tsawo, maginin ya sauko ya ja da baya ya duba, ya ce, "Iya, kin fi ni gani," ya hau ya gyara.

To ku duba abin da ke cikin wannan ɗan zama. Mai sana'a ɗan gari ne, kowa ya san gidansu. Kayan aikin na gari ne, har katsin da ake kwasowa daga marina a haɗa da gashin jima a yi laso, wato simintin gargajiya. Masu kallo suna da baki a ciki. Sannan babban abu, kowa ya san aikin bai ƙare ba ranar da aka sauke tsani. Damina za ta zo ta ci nata, da kaka a sake yaɓe. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ba ƙarfin ƙasa kaɗai ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru ba, gayya ce ta riƙe ta, ana fitowa ana gyara inda ya zube. Da aka daina fitowa, kowa ya ga abin da ya same ta.

Wannan yaɓen na bayan damina shi ne abin da babu shi a kasafin kuɗin ƙananan hukumominmu. Ana ware kuɗin gini, ana ware na bikin buɗewa, da rumfa da makaɗa da yanka ƙyalle, amma ba a ware ko sisi na wanda zai zo baɗi da bokitin fenti. Ni a ganina duk majalisar kansilolin da aka kawo wa takardar irin wannan aiki, tambayarta ta farko ita ce, wa zai kula da shi, nawa ne a shekara, kuma daga wane aljihu? In babu amsa, a mayar da takardar. Ƙaramin abu da za a iya riƙewa ya fi katafaren da zai zama makewayin awaki.

Sai maganar shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wani taro na otal ake buƙata ba. Kowace mazaɓa tana da kansila, kowace unguwa tana da mai unguwa, ga dagaci, ga hakimi, ga limamai, inda akwai coci ga shugabanninta. A kira zama a filin makarantar firamare ranar Asabar. A manna zane uku ko huɗu a bango, manya-manya yadda wanda bai yi boko ba zai gane. A tambayi direban A Daidaita Sahu ko abin zai tare masa hanya, shi da yake zagaya wurin sau talatin a yini. A tambayi 'yan tebur da za a tasa, ina za a mayar da su. Mata kuma kada a ce an gayyace su alhali an san ba za su zo cikin maza su yi magana ba. A aika musu da zanen makarantar Islamiyya ko gidan biki, a ji ta bakinsu. Waɗannan da suke yi wa ɗakin amarya jere da hannunsu, su za a koya wa abin da ya dace da ido?

Akwai abin da ake kewayewa, gara a faɗe shi a fili. A yawancin garuruwanmu mutum-mutumi ba zai karɓu ba, saboda addini. Wannan ba cikas ba ne sai ga wanda bai san abin da muke da shi ba. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar karatu, da launukansa da layukan da suka sarƙe da juna, ya san akwai gwanaye a tsangayu waɗanda ba a taɓa kiransu aikin hukuma ba. Ga masu ɗinkin hula da aska takwas a wuyan riga, ga masu sassaƙar ƙwarya, ga dukawa, ga marina irin na Ƙofar Mata. Ga kuma yaran nan masu zane a jikin manyan motoci, da ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yaye manyan masu zanen ƙasar nan tun shekarun 1950, lokacin yana ƙarƙashin kwalejin da daga baya ta zama jami'ar. Sai dai a kiyaye abu guda: kada a ɗora ayar Alƙur'ani a inda ƙura da fasta da fitsarin dare za su same ta. Niyya mai kyau ce, amma wurin bai dace ba, kuma malamin unguwa zai gaya maka haka in ka tambaye shi tun farko.

A sa gasa. A ce duk mai zane ɗan ƙaramar hukumar ya kawo nasa, a bayyana kuɗin da aka ware, a bayyana waɗanda za su tantance, wanda ya ci a biya shi hakkin basirarsa daban da kuɗin ɗan kwangila, a kuma rubuta sunansa a jikin aikin. Yanzu abin da ake rubutawa sunan ciyaman ne, da manyan baƙaƙe, wani lokaci har da launin jam'iyya. Wannan shi ne gayyatar rusau da hannunka. Wanda zai gaje ka, musamman in daga wata jam'iyya ya fito, ba zai so ya riƙa wucewa ta gaban sunanka kullum safe ba. Amma abin da aka ce na mutanen Unguwar Kaza ne, ɗansu ya zana, iyayensu suka zaɓa, duk mai son taɓa shi sai ya yi lissafin ƙuri'a tukuna.

Kafin a haƙa rami kuma, sashen ayyuka ya binciki titin na wane ne. Wani na tarayya ne, wani na jiha, kuma hukumar tsara birane tana da ta cewa. In wurin ya shafi ganuwa ko tsohuwar ƙofa, akwai hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ba a taɓa su gaba gaɗi.

Na san wani yana sauraro yana cewa, malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Babu ruwan sha, asibiti babu magani, malaman firamare na bin bashin albashi, kai kana maganar fenti. Ban musa ba, kuma duk ciyaman da ya bar rijiyar burtsatse a lalace ya tafi gina ƙofar gari, ya ji kunya. Amma kuɗin nan ana kashe su ko mun yi magana ko ba mu yi ba. Wasu ƙasashe ma ƙa'ida suka yi wa abin don kada ya wuce gona da iri. Faransa tun 1951 take ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gina makarantu domin aikin masu zane, birnin Filadelfiya na Amurka ya kafa irin wannan doka a 1959. Kashi ɗaya, ba goma ba, kuma a jikin ginin da jama'a ke amfani da shi. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokarta, ba sai ta jira Abuja ba. In za a gyara asibitin sha-ka-tafi, a bar ɗan abin da za a yi wa bangon ɗakin jiran mata ado. In za a yi wa kasuwa sababbin rumfuna, a ba maginan gari ƙofarta. In makaranta ce, ga katanga nan doguwa fara fat, wadda in ba a ba yara ita sun zana taswirar garinsu ba, mai maganin basir zai zo da dare ya rubuta lambar wayarsa.

Kwanakin baya na sake bi ta wancan shataletalen. An yi masa sabon fenti, launin ya canza, don an canza ciyaman. Mai shayin yana nan inda na bar shi, sai dai an matsar da teburinsa baya kaɗan saboda za a kafa allon da ke ɗauke da sunan wanda ya yi gyaran. Na ce, malam, wannan karon fa, an tambaye ku? Ya yi dariya, ya ce in sha shayi ko in ba mutane wuri.