Kaduna Garin Gwamna: Me Ya Cinye Tsakiyar Gari?

Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu kenan da na tattaro komatsaina na dawo Kaduna da zama, na kama haya a Tudun Wada, kuma tunda na zo abinda yafi tsaya min a rai shine gine-ginen nan na tsakiyar gari, manya-manya, amma kana gani kasan sun ga jiya. Shi yasa yau nace bari in ɗauko kyamara mu taka da ƙafa tare, don a cikin keke napep ba zaka lura da komai ba.

Toh ga mu a Ahmadu Bello Way. Ku ɗaga kai sama, kar ku tsaya kallon ƙasa. A ƙasa akwai rai, masu POS, masu gyaran waya, masu saida caja da gilashin ido, amma daga hawa na biyu zuwa sama sai kaga tagogi a fashe, fenti ya koɗe, allon sunan kamfani yana nan a liƙe rabin haruffan sun zube, wani wurin ma har tsiro ya fito ta jikin bango. Nan ne wajen Leventis, har yau da sunan kantin ake kwatance. A kan titin nan ne kuma ginin jaridar New Nigerian yake, wadda ta fara fita a 1966, jaridar da a da in ta yi magana sai gwamnati ta saurara. Eh an gyara tituna, an yi sabuwar gadar Kawo, ban musa ba, amma kwalta daban, abinda ke cikin benayen nan daban.

In kana so ka gane abinda ya faru sai ka san yadda aka yi garin tun farko. Kaduna ba irin su Kano ko Zazzau bace da suke da ganuwa da tsohuwar kasuwa ta ɗaruruwan shekaru. Turawa ne suka zaɓi wurin saboda kogi da layin dogo, Lugga ya taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan wajajen 1917, kuma ta ci gaba da zama babban birnin Jihar Arewa har 1967 da aka yanka jihohi. Kenan gari ne da aka gina shi akan albashi: ma'aikacin gwamnati, soja, ɗan reluwe, sai kuma uwa uba ma'aikacin masaƙa.

Masaƙun nan suna can tsallaken kogi, a Kakuri. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, aka fara buɗewa a 1957 zamanin Sardauna, UNTL, wato United Nigerian Textiles Limited, ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga Nortex, ga Finetex, audugar Funtua da Gusau da kewayen Zariya ake kawowa a kaɗa a saƙa a rina anan. A Kakurin dai Peugeot suka fara haɗa mota a 1975, 504 ɗin nan da iyayenmu suka hau, sannan matatar mai ta zo a 1980. Yanzu ka lissafa da kanka, ƙarshen wata yayi an biya dubban mutane, ina kuɗin zasu je? Tsallako gada zasu yi su shigo nan, babbar kasuwa wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Gumi, wajen tela, wajen mai takalmi, mai rediyo, mai katifa, mai gidan haya shima ya karɓi nasa. Injin dake juyawa a Kakuri shi yake kunna fitilar Ahmadu Bello Way, wallahi in ka riƙe wannan ka gama gane bidiyon nan.

Sai abubuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnati ta kawo a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada, wutar NEPA babu tabbas, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa dashi shima ya zama wahala, ana cikin haka atamfar China mai araha ta dinga kwararowa ta ɓarauniyar hanya, kuma ni ban ga laifin matar da ta sayi mai sauƙi ba, abinda ke hannunta ta duba. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Gwamnatin tarayya kuma tun 1991 ta tare a Abuja, manyan da suke ajiye gida da ofis a Kaduna da yawa suka karkata can.

Akwai kuma abinda ba'a son tunawa amma dole a faɗa, rikicin 2000 da na 2002. Bayansu mutane suka rabu, wasu suka koma kudancin kogi wasu arewa, maƙwabtan da suka shekara ashirin gida ɗaya kowa ya kama gabansa. Tsakiyar gari dama amfaninta shine nan kowa yake haɗuwa da kowa, toh tunda kowa ya koma cin kasuwar unguwarsa me ya rage mata? Ko jirgin Abuja da aka buɗe a 2016 can Rigasa tasharsa take. Durbar Hotel da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na FESTAC 77 kuwa an rushe shi a 2020.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, kullum bayan la'asar yana bakin ƙofa da 'yar rediyonsa. Da yaji abinda nake haɗawa sai yace in jira shi, ya shiga ciki ya fito da wata leda a ƙulle, a ciki katin shaidarsa ne na masaƙa, hoton baƙi da fari, saurayi ne sharaf da gashi a kai, sai turmin atamfa guda da mai ɗakinsa ta hana a ɗinka. Nace Baba in taɓa? Yace taɓa mana ɗana. Jama'a kaurinta kaɗai ya isheka, shekara da shekaru a akwati amma launin yana nan raɗau. Ya nuna min rubutun gefen zanin da yatsa, a hankali, hannun har yana ɗan rawa, ya dinga kwatanta min yadda in jiniyar canjin aiki ta kaɗa kekuna suke cika titi har mota bata samun wurin wucewa.

Na tambaye shi ko zai yarda ya raka ni Kakuri. Yayi shiru ya daɗe, sannan yace ranar Asabar in Allah ya kaimu in zo da wuri kafin rana tayi, zai nuna min ƙofar da yake shiga.