Fit ko garin ɓawon kwakwa: wanne ya dace da masu renon dashe a Maradi?

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu renon dashe, musamman ku na Jiratawa da bakin Gulbi da kuka koma shuka tumatir da tattasai a farantai masu ramuka, yau maganarmu a kan abin da ake cika ramukan nan da shi ne.

Fit, baƙin garin nan da ke zuwa a buhu, ragowar gansakuka ne da bai gama ruɓewa ba a fadamu masu sanyi na Finland da Estoniya da Kanada. Kaurinsa ba ya ƙaruwa da fiye da kusan milimita 1 a shekara, shi ya sa a Turai ake matsa lamba a rage haƙarsa. Kaya ne mai kyau, ban raina shi ba: ba nauyi, yana riƙe ruwa, iri na tsirowa bai ɗaya. Ɗanyensa yana da tsami, ma'aunin tsaminsa, wato pH, wajen 4, sai an gyara shi kafin a sayar muku.

Amma ku saurara da kyau, nan ne damuwata. Fit in ya bushe ƙarau, ba ya saurin karɓar ruwa. Ku tuna watan Afrilu a garin nan, zafi ya haura digiri 40. Yaro ya makara da ban ruwa rana ɗaya, garin ya tsuke ya rabu da jikin rami. Ka zuba ruwa ya bi gefe ya zube, sama ta jiƙe, saiwa na cikin ƙishi. Kafin ka ankara faranti ya tafi.

Garin ɓawon kwakwa, wanda akasari daga Indiya da Siri Lanka yake zuwa a dunƙule kamar bulo, ko ya bushe yana sake shan ruwa nan take. Don wannan kaɗai na fi son shi ga yanayinmu. Aibinsa gishiri. Mai arha sau da yawa ba a wanke shi sosai ba, don haka ku jiƙa shi, ku tsiyaye, ku maimaita kafin ku shuka. Abincin tsiro kuma kaɗan ne cikinsa, taki dole ne tun ganye na fari.

Ɗazu wani dattijo ya tambaye ni ko za a iya cika ramukan da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa. Baba, suna aiki, kuma ba sai sun hau jirgin ruwa ba. Sharaɗin shi ne su ruɓe tukuna. In ka zuba ɗanye, ƙananan halittun da ke cin sa za su kwashe azot, wato sinadarin abincin tsiro da dashe ke buƙata, ganye ya yi ɗorawa. Ku daka, ku haɗa da takin dabbobi, ku riƙa yayyafa ruwa kuna juyawa har zafin tulin ya sauka. Sannan ku gwada a faranti biyu ko uku gefen wanda kuka saba, da iri ɗaya, rana ɗaya, kafin ku sauya gaba ɗaya.