Hirar Zaure: Kanwar da ke Cin Gindin Bango

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Garwa. Damina ta ɗauke ƙafa, ga Hajiya, ga kuma Baba magini da muka roƙa ya zauna mana yau. Baba, ina gajiya?

Baba: Ba gajiya, ɗana. Ya iyali?

Malam: Lafiya lau. Hajiya ce ta kawo ƙara.

Hajiya: Wallahi Baba ƙara ce. Bara na sa aka yi wa katangar gidana filasta, aka shafa fenti mai ƙyalli. Yanzu daga ƙasa zuwa gwiwa duk ya kumbura, in ka taɓa sai ya zubo kamar garin tuwo. Ga wani farin abu mai kama da kanwa.

Baba: Kin lasa?

Hajiya: Haba Baba!

Baba: Da kin lasa, da kin ji gishiri. 'Yata, bulo mai shan ruwa ne, kamar lagwanin fitila. Ƙasa ta jiƙe da damina, bango ya ja laimar sama, yawanci ba ta wuce mita 1. Ruwan nan yana tafe da gishirin ƙasa. Idan zafin Maris da Afrilu ya zo, zafin da ke haura digiri 40, ruwa ya tsere, gishiri ya zauna ya yi ƙwaya a cikin ƙananan ramukan bulo. Ƙwayar tana girma tana ture fuskar bango har ta ɓare.

Malam: To ai magani a fili yake. A ƙara siminti, a yi filasta mai kauri. Ga masana'antar Cimencam nan Figil, kan hanyar Marwa, ba nisa.

Baba: Nan ne mutane ke hasarar kuɗinsu. Filasta mai siminti da yawa ba ta barin laima ta fita. Ka toshe mata ƙofa a ƙasa, sai ta hau sama ta ɓullo inda filastar ta ƙare. In kuwa bangon na tubalin ƙasa ne, abin ya fi muni. Ƙasa na kumbura da ruwa, tana tsukewa da rani, siminti kuma ba ya motsi. Shekara biyu, uku, sai ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsa kuwwa kamar ganga, ciki ya ruɓe. Fenti mai maiƙo ma haka, leda ce aka naɗe bango da ita.

Hajiya: Ni da na ce a sa mai ƙyallin don ruwa ya riƙa zamewa!

Baba: Na sama ya zame, na ƙasa fa? Da farar ƙasa kika shafa, da bango ya samu ya sha iska. Ko a filasta, in bulon gasasshe ne, nakan haɗa siminti awo 1, farar ƙasa awo 1, yashi awo 6. Yashin kuma na Binuwai mai tsabta, ba na kwatami ba. A yi ta ba shi ruwa kwana 7, kada hunturu ya busar da shi ya tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma hanyarsu ɗaya.

Malam: Kakana yana ba mu labarin makuba.

Baba: Allah ya ji ƙansa, ya san gini. Kwasfar ɗorawa ake jiƙawa, a kwaɓa ƙasa da ruwan, a yaɓe bango. Akwai laso kuma, da ake haɗawa da katsin marina. Amma su sun san duk shekara sai an sake yaɓe, ba sa jiran ya faɗi. Je ka garin Pus, wajen kogin Logon, ka ga ɗakunan ƙabilar Musgum masu tsini. Zanen nan da ke jikinsu ba ado kaɗai ba ne, yana raba ruwan sama kada ya ƙwaƙule wuri ɗaya, kuma shi suke takawa su hau su yi gyara.

Hajiya: To nawa bangon fa? Ba zan rushe shi ba dai.

Baba: A'a. Amma kafin ki sayi buhu ko ɗaya, ki zagaya ki ga inda ruwa ke fitowa. Indararonku ina yake zuba?

Hajiya: Gindin katangar.

Baba: Wurin alwala da wanke-wanke?

Hajiya: Shi ma nan ne. Ga randuna biyu a jingine.

Malam: Baba ya kama ɓarawo.

Baba: Rabin cutar ke nan, kuma gyaranta ba ya cin kuɗi. A tsawaita indararo ya watsa ruwa nesa, a janye randuna. A yi daɓe mai gangara a gindin bango, faɗin kamar santimita 60, ya kai ruwa lambatu. Saman katanga kuma a yi masa hula mai ɗan baki, don na ga katangu da yawa da ruwa ya shiga ta ka. Sannan a farfasa filastar da ta kumbura, a bar bango tsirara rani ya bushe shi. Farin gishirin a kankare shi da busasshen burushi, a kwashe a zubar nesa. In aka wanke da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki.

Malam: Mai sabon gini fa, musamman a ƙasar karal, baƙar laka mai tsattsagewa da rani?

Baba: Tun ran gini, tun ran zane. Ya ɗaga tushe ya fi ƙasar waje da santimita 30 aƙalla, in unguwar ambaliya ce ya ƙara, ai mun ga abin da ruwa ya yi a 2012. A kan tushen a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta kafin a ɗora layin farko. Bakin kwano ya leƙo waje sosai. Gasasshen bulo kuma, irin wanda mutanen Injamena ke yawan gini da shi, ka buga biyu da juna. In ya yi ƙara kamar ƙarfe, saya. In ya yi tuf, wuta ba ta ci shi ba.

Hajiya: Baba, yaushe za ka zo ka duba mini?

Baba: Alhamis bayan la'asar, in Allah ya kai mu. A tanadar mini guduma, kuma kada kowa ya taɓa fentin nan kafin in zo.