Sharhi: Makirufon coci da ke yankewa ana tsaka da wa'azi

Masu sauraro, a coci-coci da yawa daga Garwa zuwa Marwa, fasto yana tsaka da wa'azi sai murya ta yanke, lasifika ta hau shuu. Nan take a juya ana hararar yaron da ke kula da sauti, a sauya batir, a zargi janareta. Haba! A juya akwatin da ke karɓar sautin, a karanta lambar da ke bayansa mana.

Wannan lambar ita ce zangon rediyo da makirufo marar waya yake aiki a kai, ana auna shi da MHz, wato megahertz. Idan ta faɗa tsakanin 694 da 862 MHz, akwai matsala. Hukumar Sadarwa ta Duniya, a tarukanta na 2007 da 2015, ta ware wannan fili ga layukan salula a yankin da Kamaru da Chadi suke ciki. Makirufo ƙarfinsa milliwat 10 zuwa 50 ne, turken salula kuwa da wat-wat yake watsawa. Ga kuma wayoyi a aljihun masu ibada, taku biyu daga bagadi. Ina makirufo zai kai labari?

Wasu dattawan coci suna cewa ai ya shekara goma yana aiki lafiya. To, lokacin layukan salula ba su cika filin ba. Wasu kuma su ce a sauya tasha. Sauya tasha yawo ne cikin zango ɗaya, bai fitar da kai daga cikinsa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a tara baikon talakawa a sayo gwanjo ba a duba lamba ba. Amurka ta haramta makirufon 698 zuwa 806 tun 2010, kuma irinsu ne mai gwanjo zai sakar maka da araha. A duba lamba!

Makirufo da akwatinsa kawai za a sauya, tare, masu zango ɗaya tsakanin 470 da 694. Mikisa da lasifika suna nan daram. Wannan zangon ma talabijin yana ciki, don haka a sa akwatin ya lalubo tashar da ba kowa, a cikin cocin, ranar Lahadi da jama'a cike. Kafin a biya ko sefa ɗaya, a tambayi ART, hukumar kula da sadarwa ta Kamaru, ko takwararta ARCEP ga na Chadi, zangon da aka yarje. Kuma a ajiye makirufo mai waya ɗaya a jone kusa da fasto.