Lacca: Annabi Habakuk, mutumin da ya kai wa Allah ƙorafi

To jama'a, na baya kuna jina ko? Yauwa. Yau littafin annabi Habakuk za mu duba, surori uku ne kacal, kafin shayi ya huce ka gama karantawa.

Shi wannan bawan Allah a ƙasar Yahuza ya yi zamani, wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, Nineba, babban birnin Assuriya, ta riga ta faɗi a 612, Babila ce ke tashe. Sauran annabawa saƙo suke kawo wa mutane daga Allah, shi kuwa kuka ya kai sama, yana cewa har yaushe zan yi ta kira ba ka ji, ga zalunci ya cika gari, shari'a ta mutu murus, mugaye sun yi wa mai gaskiya ƙawanya. Sai Allah ya ce zai taso da Kaldiyawa, wato mutanen Babila, su hukunta ƙasar. Habakuk ya ce haba, ai waɗannan sun fi mu mugunta, su ne fa masu kwasar mutane kamar kifi a taru sannan su juya su miƙa wa tarun hadaya!

Abin da ya fi burge ni, bai yi zuciya ya tafi ba, cewa ya yi zai hau hasumiya ya tsaya ya jira amsa. Amsar ta zo a sura 2: rubuta wahayin a kan alluna, ko ya yi jinkiri ka jira shi, mai girman kai zuciyarsa ba daidai take ba, amma mai adalci ta bangaskiyarsa zai rayu. Malaman Yahudawa a Talmud, kundin koyarwarsu, har cewa suka yi dokoki 613 ɗin nan na Attaura, Habakuk ya dunƙule su cikin wannan aya.

Ku lura fa, ba a ce masa Babila za ta fasa zuwa ba, ta zo, a 586 Nebukadnezzar sarkin Babila ya ƙone Urushalima. Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa in ka dogara ga Allah wahala ba za ta taɓa ka ba. A sura 3 Habakuk cewa ya yi ko ɓaure bai yi toho ba, inabi da zaitun suka ƙi, gona ba hatsi, garke ba tunkiya ba saniya, duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Kuma waƙa ce fa, a ƙarshe an rubuta a miƙa wa shugaban mawaƙa a rera da kayan kiɗa masu tsirkiya. Mai tambaya ya ɗaga hannu.