Idan MGB Ta Ƙi Tashi, Kabireta Ce Ta Ƙarshe

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa makanikai da masu sha'awar tsofaffin motoci, barkanku da zuwa. Motar da za mu ɗora darasinmu a kanta yau ita ce MGB, ƙaramar motar nan mai kujera biyu da aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. Injinta silinda huɗu ne, cc 1798, da kabireta biyu ƙirar SU. Babu kwamfuta a cikinta, saboda haka kunnenka da hancinka su ne na'urar gwaji. Wanda ya taɓa aiki a kan Peugeot 504 mai kontak, wato ƙananan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa a cikin distiributa don tayar da wutar fulogi, rabin karatun yana hannunsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne, da zarar mota ta fara tari, sai a ɗauki sukudireba a nufi kabireta. Ku bar ta tukuna. Kabiretar SU ba ta cika sauya saiti da kanta ba. Abin da ke sauyawa kullum shi ne wuta, domin kontak yana cinyewa da tafiya.

Kafin komai, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne ta baya, wajen tayar dama. Famfon mai na lantarki ne, za ka ji shi yana kas-kas-kas da sauri, sannan ya lafa idan kabireta ta cika. In ka ji shiru, galibi kontak ɗin cikin famfon ne ya yi datti saboda ajiya. Ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukudireba, yakan farka, amma wannan dabarar kai mota gida ce kawai. In kuwa ya ƙi daina bugawa, ko dai tanki babu mai, ko yana zuƙar iska, ko allurar fulot ta maƙale mai yana malala. Hanci zai gaya maka. Kuma kada a sa mata famfon zamani mai ƙarfi, SU ba ta son matsin da ya wuce psi 3, ambaliya za ta yi.

To, wuta. Cire murfin distiributa, ƙirar Lucas ce. Juya injin har kontak ya buɗe iyakar buɗewarsa, ka auna tazarar: inci 0.015, wato kusan milimita 0.38. Idan ta tsuke, wuta ta yi rauni, taimin kuma ya koma baya, mota ta riƙa nauyi tana zafi. Dubi fuskar kontak ɗin. In ta yi rami a gefe ɗaya da tsiro a ɗayan, ko ta ƙone ta yi shuɗi, zargi kwandansa. Fulogi kuma tazararsa inci 0.025, kuma jerin wutar 1-3-4-2 ne. Sau da yawa ana canza wayoyin fulogi a rikita na biyu da na uku, sai mota ta riƙa harbi ta salansa.

Akwai cutar da ke wahalar da mutane: mota ta tashi lafiya da safe, bayan tafiyar minti ashirin ta mutu, in ta huce ta sake tashi kamar ba ita ba. Nan take a ce mai ne. Kada ka yi gardama, ka gwada a lokacin da ta mutu, ba bayan ta huce ba. Zare babbar wayar da ta fito daga koyil, riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin, wani ya buga kik. In wuta ta yi tsalle shuɗiya a nan, amma babu ita a bakin fulogi, rota, wato abin da ke juyawa a cikin distiributa yana raba wuta, ita ce ta tsage tana zubar da wutar a ƙasa. In babu wuta ko a nan, koyil ne ko kwandansa. Rota ba ta da tsada, a ajiye ta biyu a mota.

Wani bawan Allah can baya yana tambaya wane kan batir ne ke haɗe da bodi. Malam, tambayarka ta yi kyau. Waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen 1967, kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi, akasin abin da muka saba. Ka duba kafin ka haɗa waya, in ba haka ba ka ƙona abu. Na farko-farko kuma batir biyu ne masu bolt 6 a bayan kujera.

Bayan wuta sai bawul. A injinan farko tazarar inci 0.015 ce, injin na sanyi. Turawa suna da lissafin tara: bawul takwas ne, ka ƙirga daga gaba, in na 8 ya buɗe sosai ka saita na 1, in na 6 ne ka saita na 3, kullum jimilla tara. Sannan auna matsin silinda. Daidaito tsakaninsu ya fi lambar muhimmanci. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ɗin kai ya ƙone a tsakaninsu.

Yanzu ne aka zo kabireta. Kwance baƙin murfin da ke samanta, akwai ɗan rami da ake zuba mai mara kauri. In ya bushe, kana taka totur sai mota ta yi shaƙuwa kafin ta ɗauka. Cire abin tace iska, ɗaga fistin ɗin ciki da yatsa ka sake shi: ya kamata ya sauko sumul, ka ji ƙas. In ya tsaya a hanya, datti ne, ko allura ta goce. A wanke da fetur, ban da sanfefa ko kaɗan.

Girgiza sandar totur da hannu. In tana wasa, iska na shiga ta nan, kuma duk saitin da ka yi silo ba zai zauna ba sai an sa mata sabon bushi. In lafiya take, bari injin ya yi zafi, ka tura ɗan ƙusan da ke gefen kabireta ya ɗaga fistin kamar milimita ɗaya. Ƙara ta tashi ta zauna a sama, mai ya yi yawa. Injin ya nemi mutuwa, mai ya yi kaɗan. Ta ɗan tashi ta dawo, daidai ke nan. Goron saitin yana ƙasa, a riƙa juya shi fuska ɗaya-ɗaya, ana sake gwadawa, a gama da ta gaba sannan a koma ta baya.