Me Ya Sa Tsohuwar Mota Ke Mutuwa Da Sanyin Safiya?

Ka murza makulli ta tashi, ka ɗage ƙafa daga totur, sai ta yi kakari ta mutu. Amma da zarar inji ya ɗau zafi, lafiya lau har dare. Idan haka motarka ke yi, musamman da hunturu, kada ka yi saurin cewa a sauke inji.

Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin sanyi. Wani yakan manne a jikin bututun da ke kai shi ciki, wanda ya isa wajen fulogi bai kai ya kama wuta sosai ba. Shi ya sa injin da ya kwana yake neman ƙarin mai da silo (juyin inji ba tare da an taka totur ba) mai ɗan ƙarfi. To, wa ke ba shi wannan ƙarin?

A mota mai kafireto, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, aikin cok ne. Tun kafin ka tayar, sa cok ɗin, ka cire murfin matatar iska ka leƙa. Cok ɗin, wato faifan da ke bakin kafireto, ya kamata ya rufe, sannan ya buɗe idan inji ya ɗumama. In ka same shi a wangale, ga ɓarawonka nan.

A mota mai nozul kuwa, wadda ke fesa mai ba tare da kafireto ba, kwamfutar mota ce ke ƙara man, kuma da sansa, wato na'urar da ke auna zafin ruwan inji, take dogara. Idan sansar ta ce inji ya yi zafi alhali da sanyinsa, sai a rage masa mai. Auna ta da mita: irin ta Bosch takan nuna ohm 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Kalli allurar juyin inji ma. Da safe ya kamata ta haura juyi 1,000 a minti, ta sauko a hankali. In ba ta hau ba, a kwance bawul ɗin silo a wanke baƙin dattin da ya toshe shi.

Kasa kunne kuma ko za ka ji tsiii, alamar tiyon iska ya tsage.

Sai abin da ya zama ruwan dare a garejinmu: a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, a haɗa fanka kai tsaye, wai don kada mota ta yi zafi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai ɗumama ba, ga shan mai. A mayar da tamostat ɗin.

Idan bakanike ya ɗauko sukundireba zai ƙara silo kawai, ce masa: "Maigida, bar ta ta kwana a nan, mu auna ta gobe da sanyinta."